Kurar da aka zaɓa

Shekarata goma lokacin da Inna, kakata ta wajen uba, ta zo ta zauna da mu a McLeansville, a Amurka. Abin da ta fara ƙi shi ne murhun lantarki. Ta ce tuwon da bai ji hayaƙi ba kunu ne. Sai Baba ya jera mata duwatsu uku a bayan gida, kuma nan muke taruwa bayan magariba, ni da ƙanwata Bilki, tana tuƙa tuwo tana ba mu tatsuniya. Bilki da Turanci take amsa mata, Inna kuwa ko a jikinta.

Akwai wadda ta fi yawan maimaitawa. Wai a garin awaki kura ce ke gadin ƙofa, sanye da riga mai maɓallai. Duk shekara sai ta ƙwanƙwasa gida ɗaya, ta tafi da ɗa namiji. Wata uwar akuya ta ɓoye nata a rumbu, ta fito ta ce ita za a ɗauka. Kura ta ɗauke ta, ɗan ya tsira. Sai da na girma na ji cewa mahaifin Inna haka masu kaki suka tafi da shi aikin tilas tana yarinya, bai dawo ba.

Wata ranar Asabar muna zaune, mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum ya zagayo, da kaki da bindiga a ƙugu. Ashe maƙwabta ne suka hango hayaƙi suka yi waya. Da yake muna wajen garin Greensboro, ba 'yan sandan garin ke zuwa mana ba, mutanen sherif ne, wato shugaban 'yan sandan gunduma.

Baba ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "mai gidan nan". Ranar kuwa na ji shi a bakinta.

"Habu, shiga ciki," ta ce, a hankali.

Ta ajiye muciya, ta gyara mayafi, ta ɗauki carbinta, ta je gaban mutumin ta miƙa masa hannuwa biyu a haɗe. Ta ce min in gaya masa ita ta hura wutar, ɗanta bai san komai ba, kuma a bar ta ta ɗauko maganinta. Na rasa me zan fassara. Shi ma ya rasa abin yi. Ya dubi hannuwan, ya dubi tukunya, sai ya cire hularsa. Ya tambayi Baba, wanda bai shiga cikin ba, ko lafiya, Baba ya yi masa bayani. Abin da ya ce kawai shi ne a riƙa ajiye bokitin ruwa kusa da wutar, ya yi mana sallama ya tafi.

Da muka zauna, Baba ya shiga yi mata bayani. Ya ce sherif shi ke riƙe da gidan yari, mutanensa ke tsaron kotu da kai sammaci, kuma ofishin ya girmi garin Greensboro kansa. Sannan ya ce ba gwamna ke naɗa shi ba, jama'a ke zaɓensa duk shekara huɗu. Allunan da take gani a kafe a ƙofar gidajen mutane, na masu neman kujerar ne.

"To idan ka zaɓe shi, ba zai kama ka ba?"

"Zai kama ni mana, Inna, idan na yi laifi."

"To me ka zaɓa ke nan?"

Daga ranar tatsuniyar ta rikice. Yau kura ta bi gida-gida tana roƙon awaki su bar mata gadin ƙofa. Gobe ta ɗauki uwar akuya ta dawo da ita da yamma. Wata rana ma bokiti ta zo da shi. Bilki ta gaji ta tambaye ta, cikin 'yar Hausarta, wai kurar nan muguwa ce ko ba muguwa ba. 

"Ni ma abin da nake nema ke nan, 'yar nan," in ji Inna. "Ku je ku yi alwala."

Har ta koma gida, har Allah ya yi mata rasuwa, ba ta ƙarasa mana tatsuniyar ba. Allah ya jiƙanta.

Yanzu ina da nawa 'ya'yan, biyu maza. Idan zaɓe ya zo nakan je, kuma duk layukan takardar ƙuri'a ina cike su da sauri sai na sherif. Nan nake tsayawa. Na san wanda ya zo mana mutumin kirki ne, na gani da idona. Na kuma san akwai iyaye mata a garin nan da ke jin faɗuwar gaba irin ta Inna idan motar ta tsaya a ƙofarsu. Ban iya haɗa biyun ba har yau. Sai in yi bisimilla, in cike da'irar da ke gefen suna ɗaya, in roƙi Allah ya sa wanda na zaɓa, idan wata tsohuwa ta miƙa masa hannuwanta, ya ji kunya.