Sunan da nake kiran ɗan farina

Ban taɓa kiran ɗan farina da sunan yanka ba. Sunan uban mijina anka sa mishi, bakina kuwa ba ya ɗaukar wanga suna.

Shekarar da na haife shi, annasarun Italiya na ƙasar Keita, mu mata munka shiga aikin jera duwatsu bisa fako don tare ruwa. Da goyo nake zuwa. Akwai wani dogo cikinsu mai auna layi da igiya, ba ya zama wuri guda. Nawa ma haka, ko a baya sai shure-shure. Matan aiki sunka liƙa mishi sunan dogon. Na karɓa, tunda na samu abin kira. Ban tambayi ma'ana ba. Da shi nake kiran shi har ya yi furfura a gemu.

Bara, wurin wa'azin mata, malam ya ce suna mai kyau hakkin ɗa ne bisa iyaye, kuma akwai sunayen da na gumaka ne. Tun ranar zama ya gagare ni. Ina daka ina juya sunan a baki. In na gunki ne fa? In na kare ne? Ɗan nawa yana Abijan wurin biɗa, neman kuɗi. In ya bugo waya sai in ce "kai", in tsaya nan.

Wata rana ya ce, "Inna, laifin mi na yi?"

Na ce ba komi.

Anka ce wani mai saida albasa a kasuwar Tama ya yi shekaru Italiya yana tsinkar tumatir. Ranar kasuwa na tafi.

"Ɗana, ba albasa ta kawo ni ba." Na faɗa mishi sunan.

Ya yi dariya. "Iya, tsohon saurayi ne?"

"Rufe min baki, na girmi uwarka. Mi yake nufi?"

Ya gyara zama. Ya ce can ma ɗan fari sunan kakansa yake ɗauka, gida guda sai ka iske mutum uku da shi. Asalinsa kuwa, sunan annabin nan ne da ƴan uwansa sunka jefa rijiya, harshensu ne ya lanƙwasa shi.

Ina kallon idonsa. Ɗan kasuwa ba ya rasa magana mai daɗi. Na sa ya maimaita, bai sake ko kalma ba. Na koma wurin malam, ya ce shi bai san harshen Italiya ba. Maganar mai albasa kaɗai gare ni, kwana huɗu ina auna ta.

Ran Juma'a ɗan nawa ya bugo. Na riƙe wayar har ya ce, "Inna, kina ji na?" Sai na kira shi da sunan.

"Kin huce ke nan?"

"Wa ya ce na yi fushi? Damina ta kusa. Yaushe kake tahowa?"