Inna Jummai, wadda ta koya mini lokacin ƙwayar amai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 14 ga Afrilu 2025, da hantsi, ɗanki Muttaƙa ya kira ni daga Malbaza ya ce kin cika. Ina bakin murhu ina dama wa ɗiyata Rashida kunu, sai da ya yi gudaji a hannuna.

Inna Jummai, a likitar Yamai muka san juna. Ke tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ni matar manomi daga Tsarnawa, gadonki kusa da na ɗiyata, sankarar jini ɗaya ake yi muku ƙarin ruwa a kanta. Lokacin Rashida na da shekara goma sha ɗaya. Duk zagayen magani sai ta kwana uku tana amai, ko ruwa ba ya zama. Bayan zagaye na biyu ta rantse ba za ta koma ba, har babanta ya fara cewa a bar yarinya ta huta. Lokotoro mai duba ta kuwa ya ce in aka tsallake zagaye, cutar na iya dawowa da ƙarfi.

Laifina ne, ban sani ba. An ba ni ƙwayar hana amai da takarda, na ce to, don kunyar a gane ba ni da karatu. Ina tsoron yawan ƙwaya ya ƙara lalata mata jini, sai na riƙa ɓoye ta a bakin zane har amai ya taso, sannan in ba ta. Yadda ta shiga haka take fitowa.

Ke kika gani. Allura na hannunki kika ce, "Ke Hafsatu, sai awaki sun shiga gona kike neman ƙayar shinge? Tafo da takardar nan." Kika karanta mini abin da lokotoro ya rubuta: a ba ta rabin awa kafin a sa ruwan, a ci gaba safe da marece kwana uku, ko tana jin tashin zuciya ko ba ta ji. Ba ki faɗa wa kowa wautata ba.

Daga nan kika ce ba za ki riƙa karanta mini ba. A bayan kwalin magani kika fara koya mini lambobi, sai agogo, sai ranakun mako, sai baƙaƙe. In na kuskure ki ce, "Kan nan naki gero ne a ciki?" Kina dariya kina riƙe da kwanon naki aman. Ina da shekara talatin da takwas ranar da na rubuta sunana.

Zagaye na uku Rashida ta ci tuwo ran kwana biyu. Ita da kanta ta ce wa babanta za ta koma.

Sai a watan jiya na ji cewa naki maganin ya daɗe da daina aiki. Duk kiran da kika yi mini, ba ki taɓa ambata ba. Tambayarki ɗaya ce: an ba ta kan lokaci?

Har yanzu hankalina bai kwanta ba, Inna. Saura zagaye biyu. Na duba katin ranakun maganinta da idona, ranar Talata ta sama ne, ƙarfe takwas, kuma za mu je.

Allah ya jiƙanki, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haskaka makwancinki. Muttaƙa da dukan gidan, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu tare da ku.

Hafsatu Labo, Tsarnawa