Ranar da Na Mayar wa Ɗana Ɗigon Saiti Ja

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Da hannuna na rubuta wannan takarda, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, sai da na haura arba'in na fara riƙe biro. Lokacin da abin nan ya faru shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci, kuma kaina ya yi girma da wannan ɗan karatu. Mijina ya rasu ya bar mini gonar gyaɗa da 'yar fadamar barkono a wani ƙauye arewa da Ɗambatta. Ni ce uwa ni ce uba, kuma duk unguwarmu an san bakina. In na ce a'a, to a'a ce, ko mai unguwa sai ya shirya kafin ya aiko mini da magana.

Namiji ɗaya gare ni, shi ne kuma na fari, lokacin yana da shekara ashirin da ɗaya. Kun san al'adarmu da ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi, in zan yi masa magana bango nake kallo. Faɗa kuwa ban taɓa jin kunyar yi masa ba. Abin da ya fi haɗa mu tun yana ƙarami tsinkar barkono. A ce ya tsinko jajaye, sai ya cika kwando da ɗanye da nunanne a haɗe. Na dake shi a kan haka ya fi a ƙirga, na kira shi malalaci, na kira shi mai ganganci. Shi kuwa sai dai ya sunkuyar da kai.

Karatun nan ne ya fara zaunar da mu tabarma ɗaya. Da yamma yakan duba mini aikin gida, ya ba ni wayarsa in riƙa karanta lambobi, har zanen da ake buɗe ta da shi ya koya mini. A nan na ga gem ɗin da ya ɗauke masa hankali, wasan harbi ne da ake zuba mutane da yawa cikin daji ɗaya, wanda ya rage a raye shi ya ci. A tsakiyar gilashin akwai 'yar alama da suke kira saiti, inda ta sauka nan harsashi yake zuwa. Wata rana ya buɗe mini wurin da ake gyara ta, yana ta zumuɗi. Ya ce wata huɗu ya yi yana gyaran tasa: ya cire mata ƙafafu huɗun da take zuwa da su, ya bar ɗigo ɗaya, ya ƙara masa girma kaɗan, ya sa masa shuɗi irin na bula. Ya sa na karanta masa lambobin saurin juyawa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini kalmar Turancin da ake dannawa a adana. Na ce me ya sa bai sa ja ba, ai ya fi fitowa. Ya ce ja ba ya yi masa. Ban tambayi dalili ba. Uwa ba ta bin ɗan fari da tambaya.

Ana cikin tsinkar barkono aka sa gasa a wani gidan kallon ƙwallo a Ɗambatta, ranar kasuwa. Wanda ya ci, wata ƙungiyar 'yan gem ta Kano za ta ɗauke shi, ya koma can unguwar Bacirawa da zama. Kowa ya ce ɗana ne zai ci. Na ce ba inda za shi, wa zai riƙe mini gona? Ya sunkuyar da kai yadda ya saba, na san kuwa tafiya zai yi. Ana gobe gasar, da ya tafi sallar magariba ya bar wayar a kan taga. Na ɗauka, na zana, ta buɗe. Na mayar da ɗigon ja, na rage masa girma, na hautsina lambobin nan da ya koya mini, na danna adana. A raina cewa nake wasa ne, in ya faɗi zai yi fushin kwana biyu ya dawo fadama.

Abin da ban lissafa ba shi ne caji. Ba mu da wuta, sola tana gidan abokinsa a tsallaken rafi, unguwar Kiristoci da muke maƙwabtaka da su tun kakanni. Tare suka tashi da yaron nan, uwarsa kuwa aminiyata ce, benci ɗaya muke zama a aji, da Sallah in kai mata tuwo, da Kirsimeti ta kawo mini shinkafa. Yana dawowa daga masallaci abokin ya zo ya karɓi wayar ya tafi da ita, a wurinsa ta kwana. Da safe kuma da gangan na riƙe ɗana a fadama har hantsi ya dubi ludayi, shi da abokin suka isa Ɗambatta ana kiran sunayen 'yan gasa, bai samu ya duba komai ba.

Ya dawo bayan azahar, fuskarsa kamar an yi mutuwa. Daga bakin samari na ji yadda aka yi. Wai ana farawa ya ce ba ya ganin saitinsa, ya yi ta harbin iska, kafin ya ankara an fitar da shi. Wanda ya ci gasar kuwa ba kowa ba ne sai abokin nan da wayar ta kwana a hannunsa. Kafin la'asar magana ta gama unguwa: an ci amana, an karɓi waya da sunan caji an lalata saiti. Ɗana bai ce shi ne ba, amma bai ce ba shi ba ne. Ni kuwa ina tsakar gida ina shanya barkono, ina jin komai ta kan katanga, na ja bakina na yi gum.

Washegari maganar ta tashi daga gem ta koma mu da su. A bakin burtsatse na ji wata tana cewa dama haka suke, wata ta ce a hana su ratsa gonakinmu zuwa titi. Da rana yaron ya tsallako don ya yi wa ɗana bayani, samari suka tare shi a bakin rafi, wani ya jefe shi da dutse ya fasa masa gira. Da yamma uwarsa ta shigo gidana ko mayafi ba ta gyara ba, da jinin ɗanta a bakin zane. Ta durƙusa mini, ita da muke sa'anni, ta ce in yi wa Allah in ja kunnen ɗana, ta san abin da ta haifa, ba zai yi haka ba. Ta ce ni ce mai faɗa a ji, in na yi magana za a bari. Na ɗebo ruwa na ba ta, na dubi idonta na ce ban san komai a kan wasan yara ba. Na yi ƙarya da yawa a rayuwata, amma wannan ce har yau take hana ni cin tuwo da daɗi.

Rana ta uku mai unguwa ya kira zama a ƙofar gidansa bayan la'asar. Tun kafin lokacin na ga samari suna wucewa ta bayan dangata da gora, ɗaya da adda a cikin buhu. Ƙaramar 'yata ta shigo da gudu ta ce an ce in yaron bai amsa laifi ba za a tsallaka a farfasa solar, wasu ma suna maganar ƙona rumbunansu. Gero yana cikin rumbunan nan, na shekara guda. Na zauna a kan turmi. Ina ta gaya wa kaina dattawa za su kashe wutar, ba sai na tona kaina ba. Sai na ji hayaniya ta tashi daga can, irin wadda ba ta dattawa ba ce. Ban san lokacin da na ja mayafi ba.

Mata ba sa zuwa wurin nan. Na ratsa maza har gaban tabarma, na cire takalmi na durƙusa. Yaron yana zaune a ƙasa da tsumma ɗaure a goshi, ubansa a tsaye a bayansa, ɗana a gefe yana kallon ƙasa. Mai unguwa ya tambaye ni ko lafiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku sallami yaron nan. Ni na taɓa wayar."

Sai wani saurayi ya yi dariya, ya ce Inna tana son ta rufa wa ƙawarta asiri ne, ita da ko kira sai an danna mata. Wasu suka goya masa baya, masu gora suka ƙara matsowa. Na miƙa hannu na ce a ba ni wayar. Ɗana ya ɗago ya dube ni, rabon da mu haɗa ido har na manta, sannan ya miƙo. A gaban kowa na zana ta buɗe, na shiga wurin saitin, na mayar da shuɗin da ya riga ya gyara zuwa ja, na rage shi, ina karanta lambobin da ƙarfi yadda ake yi a aji. Wani dattijo ya ce to, yau dai boko ya yi rana. Ba wanda ya yi dariya. Na ga gora tana sauka ɗaya bayan ɗaya, mai buhun nan ya zame ta baya.

Na ce na ɗauka launi ne kawai, ja ko shuɗi duk ɗigo ne. Sai yaron da aka fasa wa gira ya yi magana, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Inna, ai ba ya ganin ja a kan kore. Tun muna yara. In muka je fadamarku ni nake nuna masa nunannun, ranar da ban zo ba ce kike dukansa."

Ya ce shi ya taya shi gwada launuka har suka samu wanda idonsa yake kamawa a cikin ciyawar gem ɗin. Ni da na haife shi, na goya shi, shekara ashirin da ɗaya ban sani ba. Ɗan maƙwabta ya sani, ni kuwa bulala na sani. Na juya wajen ɗana ina jiran ya yi faɗa, da ya yi da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ke kaɗai na nuna wa, Inna." Ya karɓi wayarsa ya tafi.

Mai unguwa ya sa na tsallaka rafi a ranar na ba da haƙuri gida-gida, na kuwa je. Aminiyata ta amsa gaisuwata daga bakin ƙofa, ba ta shimfiɗa mini tabarma ba. Kirsimetin shekarar ba a kawo shinkafa ba, sai ta gaba, ita ma 'yarta ta aiko. Yaron ya tafi Kano da tabonsa a gira. Ɗana bai daɗe ba ya bi shi Bacirawa yana koyon gyaran waya, wato tafiyar da na yi duk wannan don in hana, an yi ta, ba kuma da albarkar bakina ba. Daga baya wani likitan ido ya tabbatar masa haka aka halicce shi, ba magani, ba kuma ganganci.

Yanzu ɗana yakan zo lokacin tsinka. Ni nake tsinka, shi yake ɗaukar kwando, muna ɗan taɓa hira, don na ajiye rabin kunyar nan da ta sa ban san ɗana ba. Yana duba mini rubutu har yau, amma a takarda. Ya canza zanen wayarsa, ban tambaya ba, bai kuma gaya mini ba.

'Yan'uwana iyaye mata, musamman irina da muka samu karatu da girma muna jin mun iya: abin da ɗanki ya buɗe ya nuna miki da hannunsa amana ce, ko da a idonki wasa ne. In za ki hana shi abu, hana shi a fili, ki sha faɗan a fili. In kuma kika yi ɓarna a ɓoye, ki sani wani za a kama, kuma a gari irin namu da rafi ɗaya ya raba, ba a kan mutum ɗaya take tsayawa ba. Kwana uku na yi shiru, ɗan mutane ya biya da jininsa. Sannan in yaro ya ce miki abu kaza ba ya yi masa, kafin ki ɗaga hannu, ki buɗe baki ki ce me ya sa.