Abin da Shiuli Ta Faɗa a Bayan Gilashi

Shekara ashirin da shida Tofajjal Miridha yana ɗaure kayan matafiya a gindin gadar da ke gaban tashar jirgin ƙasa ta filin jirgin saman Daka. Teburin shayina na jikin tabarmarsa, don haka har tarinsa da tsakinsa na haddace. Siririn mutum ne mai gemu jajir da lalle, ga taurin kai na innanaha.

Jirgin ƙasan garin Silet ko na Nowakali na tsayawa sai 'yan ƙauye su ɓarko, masu zuwa ƙwadago ƙasashen Larabawa, kowa da bargo da busasshen kifi da kwalbar yajin mangwaro da uwarsa ta cusa masa. Tofajjal zai naɗe komai a bargon, ya bi shi da igiya ƙulli bayan ƙulli kamar ragar masunta, ya rubuta suna ɓaro-ɓaro. Yana ɗaurewa yana tsiya: "Kai, wannan kifin naka ai sai ya sumar da matuƙin jirgi!" Su yi dariya, su haye gada zuwa filin jirgin sama. Amma ya sha ganin masu dawowa cikin akwatin gawa, shi ya sa ya rantse jininsa ba zai haye gadar nan ba.

Sai ga 'yarsa tilo, Shiuli, mai ɗinki a masana'antar tufafi, ta samu aikin shekara uku a Jodan. Wata biyu ya daina amsa gaisuwarta. Na yi masa magana har bakina ya gaji.

Ran tafiya, da hantsi, ta sauko daga jirgin ƙasa ta dire kayanta gabansa kamar kowace baƙuwa. Ya ɗaure bai ɗago kai ba, yana jan igiyar har jijiyoyin hannunsa suka fito. Ta ɗauka, ta tsaya tana jira. Can ta ce, "Baba, na tafi."

Na dakata da dama shayi. A wurinmu mai barin gida ba ya cewa "na tafi", ko da kasuwa za shi. "Ina zuwa" ake cewa, na gida ya amsa da "zo". Wanda ba zai dawo ba shi ne ke tafiya. In yaro ya yi suɓul da baka, babba ke gyara masa nan take. Shiuli kuwa da gangan ta yi, so take ya buɗe baki ko da faɗa ne. Ya ci gaba da naɗe ragowar igiyarsa, ita kuma ta hau gada.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya Tofajjal, a kan wannan kalmar za ka bar ta ta hau jirgi?"

"Dama shayinka, tsohon banza. Ina ruwanka?"

"Shayin ya damu. Kai ne ba ka da kunya, da furfurarka."

Ya kusa rabin awa zaune, mutum biyu suka kawo kaya ya kore su. Sai kawai na ga ya miƙe ba takalmi, ya tattare zanensa irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, ya haye gadar da gudu.

Da ya dawo ya zube a bencina yana haki. Mai gadi ya hana shi shiga, ba tikiti. Ta gilashi ya hango ta a layi, ya buga da tafin hannu yana ihu, "Zo, uwata! Zo!" Ta juyo, ta gan shi, bakinta ya motsa, layi ya ja ta ciki.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Gilashin na da kauri. Ban ji ba."

Yau shekara biyu ke nan. Tana kira duk Juma'a, suna hirar shinkafa da ruwan sama, amma bai taɓa tambayarta abin da ta faɗa ranar ba, tsoro yake ji. Gwiwoyinsa sun gama aiki, ƙaninsa ya aiko sau uku ya koma ƙauye ya huta. Jiya na sake tuna masa, ya harare ni.

"In koma ina? Idan 'ina zuwa' ta ce, nan za ta fara duba ni."