Gidan Baba Modu Ya Fi Ashirin

Jama'a, yau lojisiyel ɗina, wato manhajar kwamfuta, ya ƙaryata dattijo a gaban mutane.

Kun san wanda na rubuta wa ƙungiyar da nake istaj, wato koyon aiki, don rabon gidan sauro. Akwai gurbin da ake sa yawan mutanen gida. Na sa masa iyaka, daga ɗaya zuwa ashirin, don kada wani ya buga lamba bisa kuskure.

Da hantsi wani tsoho ya zo daga Geskeru, Baba Modu, manomin tattasai. Na ce, "Baba, ku nawa ne a gida?"

Ya ce, "Talatin da bakwai."

Na buga a ordinatar, wato kwamfuta. Gurbin ya yi ja, ya ƙi karɓa. In bai karɓa ba, takardarsa ba za ta fito ba, ba gidan sauro ko ɗaya.

Cikin kunya na ce, "Baba, iyalinka kawai."

Ya ce, "Ɗiyata, tun da dangina suka gudo suka ƙetaro kogin Komadugu tukunyarmu guda. Tambayi ordinatar taki, wa zan kora?"

Layi ya kwashe da dariya. Ni dai na sunkuyar da kai, na buɗe kod ɗin lojisiyel don in gyara iyakar. Shefunmu, wato shugabar aikin, ta leƙo ta ce, "Maida shi arba'in."

Baba Modu ya ɗaga hannu. "A'a, Madam. A ƙara wuri. Surukaina huɗu duk suna da ciki."

Na sa sittin. Gurbin ya yi kore.