Kawar Cancale a Kududdufan Marennes

Armelle Guivarc'h 'yar Cancale ce, garin da teku ke janyewa har ido ya gaji da binsa. A can ta tashi tana juya buhunan kawa, 'yar halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ake kiwo don namanta, a cikin ruwa tare da yayanta Gwenolé. Kawar garinsu ɓawonta kauri gare shi da kaushi, namanta fari, gishirinta kuwa tun kafin a tauna yake dukan harshe.

Aure ya kai ta kudu, Marennes, gidan Régis Moinard. Su mutanen nan in sun ɗebo kawa daga teku, sai sun kwantar da ita a kududdufan yumɓu ta yi makonni, gishirin ya lafa, gefen naman ya yi kore. Ranar da surukarta Huguette ta fara buɗe mata ɗaya, Armelle ta tambaya ko ruɓewa ta yi. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce ɗanta ya auro wadda gishiri ya ƙone wa harshe.

"Taku ma ai lami ce, Mama," in ji Armelle. "Kamar da ruwan famfo aka wanke ta."

Duk da haka ta zage ta koya. Ta san lokacin sako ruwan teku cikin kududdufi da lokacin toshe shi, ta san abin da ruwan sama mai yawa ke yi wa ɗanɗano.

Wata shekara cuta ta kashe musu ƙananan kawa kusan kakaf, ga Régis kwance da ciwon baya. Ya fara zancen sayar da kududdufan. Armelle ba ta yi musu da shi ba, ta dai hau motar kaya ta nufi gida wajen Gwenolé, ta roƙe shi ya ba ta cikin kawarsa waɗanda suka fara tasawa. Ya yi ta mita, wai za ta kai 'ya'yansa ta turmusa su a taɓo, amma da hannunsa ya loda mata.

Ta baza su kaɗan-kaɗan, don kowace ta sami abinci. Kududdufi ɗaya ya ƙi yin kore sam, ta yi asararsa. Sauran kuwa zuwa Disamba sun fito da abin da ba a saba gani ba a kasuwar Rochefort, garin da ke kusa da su: ɓawo mai kauri irin na arewa, nama kore, gishiri a farko, sai wani garɗi mai ɗan zaƙi da ke biyo baya. Kafin Kirsimeti an saye su, babu ko ɗaya a ƙasa.

Kafin su ƙare, Gwenolé ya zo ya ci ɗaya a tsaye, ya miƙa hannu ya ɗauki wata.

"Yaya, ba ka ce komai ba."

"Bakina a cike yake, ke ba ki gani?"

Yanzu shekaru sun ja, gwiwoyin Armelle sun fara yi mata gardama, 'yarsu Solenn ce ke fita da kwalekwale, Régis kuma yana zaune a rumfar kasuwa yana buɗe wa masu saye. Kududdufan dai Armelle ba ta bar wa kowa ba. Bana ta ji labarin kawar garin Isigny, wadda kogi ke ciyarwa har ta yi ƙiba, ta riga ta share kududdufi biyu tana jiran a kawo mata.