Ƙusa a takalmin Kawu

Muna idar da sallar asuba muka bar Daura, ni da yayana, a tsohuwar motarsa. An bugo mana waya daga ƙauyenmu da ke bayan Baure cewa ƙafar kawunmu ta kumbura, ga shi ya daɗe da ciwon suga. Mun sayi ƙosai a tasha, amma har muka wuce Zango ba wanda ya buɗe ledar.

Daga Baure kwalta ta ƙare. An sha ruwa, hanya duk taɓo, dole muka ajiye mota muka hau babura. 'Yan acaɓa suka ninka kuɗi, wai har da na wankin wando.

A zaure muka tarar da Kawu, ya lulluɓe ƙafar da mayafi. Tun kafin ya buɗe, wari ya sanar da mu. Matarsa ta ce ƙusa ce ta ɓullo a takalminsa na gona, ya yi ta noma a kanta bai ji ba, sai da ta ga jini a tabarma. Tun ranar take gasa masa da ruwan zafi.

"Ai ba ta yi mini ciwo," in ji Kawu.

"Kawu, rashin ciwon ne ya taso mu," yayana ya ce.

Ya ƙi tashi. Wai duk wanda aka kai asibiti, da ƙafa ɗaya yake dawowa. Muna cikin lallashi matarsa ta fito da rigarsa da hularsa, ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sa.

A amalanken shanu muka kai shi Baure. Cikin mota zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar ɗari da tsakar rana, ni kuma ina ta kiran sunansa don kada ya yi shiru.

A asibiti a Daura likita ya ce babban yatsa ya riga ya mutu, sai an cire, amma ƙafar za ta tsira in Allah ya yarda. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mu: a riƙa duba tafin ƙafa kullum, a wanke da ruwa mai ɗumi kawai, a tsane tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a sa. Na ce mata ni ma ina da sugan.

"Yaushe rabonka da duba ƙasan ƙafarka?"

Ban iya tunawa ba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa mai suga da ido yake jin ciwon ƙafa. Da na isa gida na ari madubin maiɗakina, na zauna a tsakar gida na ɗaga ƙafa. Na ga wani kaushi ya tsage a diddige, har ya yi ja. Da safe na koma asibitin, wannan karon da katina.